DARASI DAGA SHEKARAR TOKA: NASIHA GA MAI JAGORANTAR AIKIN AGAJI DA YA FARA GAJIYA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Mai kowa Mai komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani ɗan'uwa ya zauna a masallaci har kowa ya watse, sannan ya matso kusa da ni. Shi ke shugabantar wata 'yar gidauniya da ke kula da marayu da matan da mazajensu suka rasu. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ni fa na gaji. Mutanen da suke ba mu taimako a da, wasunsu yanzu su ma sun shigo layin masu karɓa. Wayata ba ta hutawa dare da rana. Iyalina sun daina ganina. Kuma duk da haka sai ka ji ana cewa kuɗin marayu muke ci. Wallahi so nake in ajiye. Idan na ajiye, na yi laifi?"

Na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin abinci da na mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata ko suka rufe ayyuka. Masu buƙata sun ƙaru, masu bayarwa sun ragu. Wanda ke tsaye a tsakiya, wato shugaban gidauniya ko kwamitin masallaci ko ƙungiyar mata ta unguwa, shi ne ake matsewa ta kowane ɓangare.

Darasinmu na yau domin irin waɗannan bayin Allah ne. Za mu ɗauko shi daga wata shekara a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA).

ME YA FARU A SHEKARAR TOKA?

A shekara ta 18 bayan hijira fari mai tsanani ya afka wa Madina da sauran yankin Hijaz. Sama ta ɗauke, ƙasa ta bushe ta yi baƙi, iska tana kwaso ƙura mai kama da toka. Daga nan aka sa mata suna Amur Ramada, wato shekarar toka. An yi kusan wata tara a wannan hali. Dabbobi suka mutu, Larabawan ƙauye suka kwaso iyalansu suka yo Madina, suka yada zango a gefen gari suna jiran abin da Amirul Muminina zai yi.

Malaman tarihi irin su Ibn Sa'ad da Ɗabari sun kawo yadda ya tafiyar da lamarin. Ya naɗa mutane, kowa da ɓangaren garin da zai kula da shi, cikinsu akwai Miswar ɗan Makhrama da Abdullahi ɗan Utba. Kullum da yamma sukan taru wurinsa su ba shi bayanin abin da suka gani. Tun da asuba ake ɗora manyan tukwane. Ya sa aka ƙirga masu cin abinci a wurinsa, aka samu 7,000 a dare guda. Aka ƙirga iyalai da marasa lafiya da yaran da ake kai wa abinci har inda suke, aka samu 40,000. Bayan 'yan kwanaki aka sake ƙirgawa, na farko sun kai 10,000, na biyu sun kai 50,000.

Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman ɗauki. Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA) ya taho daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Shi kuwa Sayyidina Umar ya yi rantsuwa ba zai ɗanɗana man shanu ko nama ba sai mutane sun samu. Ya koma wa gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Aslam, bararren bawansa, ya ba da labarin cewa sun riƙa tunanin idan Allah bai yaye farin nan ba, damuwa da halin Musulmi za ta kashe Umar.

Daga ƙarshe ya fita da jama'a sallar roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas (RA), baffan Annabi (SAW), ya yi addu'a. Allah Ya saukar da ruwa. Sai ya ba mutanen ƙauye guzuri da abin hawa, ya sa aka raka su suka koma garuruwansu.

Wannan shi ne labarin a taƙaice. To, me ya riƙe wannan bawan Allah wata tara bai karye ba?

DARASI NA 1: KA SAN INDA AIKINKA YA TSAYA

Babban abin da ke karya mai aikin agaji shi ne ya ɗora wa kansa abin da Allah bai ɗora masa ba. A hankali sai ya fara ji kamar shi ne mai ciyar da marayun nan, idan ya kasa sun halaka. Ɗan'uwa, ai tun kafin a haife ka Allah Yake ciyar da bayinSa, kuma bayan an binne ka zai ci gaba. Kai sababi ne kawai.

Dubi Sayyidina Umar. Ya dafa, ya raba, ya rubuta wasiƙu, ya yi sintiri. Amma saukar da ruwa ya san ba nasa ba ne, don haka ya fita fili ya roƙi Mai shi. Allah zai tambaye ka ƙoƙarin da ka yi da amanar da ka riƙe. Ba zai tambaye ka me ya sa talauci bai ƙare a unguwarku ba.

Ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim cewa an nuna wa Annabi (SAW) al'ummomi, ya ga wani annabin tare da mutum ɗaya ko biyu, wani ma babu kowa tare da shi. Shin za ka ce waɗannan annabawan sun faɗi? Subhanallah! Sun isar da abin da aka ɗora musu, ladansu cikakke ne. Haka kuma a hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito, an umarci wanda alƙiyama ta zo yana riƙe da dashen dabino da ya dasa shi idan yana da iko. Wa zai ci 'ya'yan wannan dabinon? Babu. Amma dasawar ita ce aikinsa.

Wanda ya rataya fatansa a kan sakamako, duk ranar da sakamako ya yi ƙasa zuciyarsa ta bi shi. Wanda ya rataya shi ga Allah, to ya kama abin da ba ya tsinkewa. Annabi Yaƙubu (AS) ya rasa Yusufu shekaru masu yawa, ya sake rasa ƙaninsa, idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, amma a wannan halin ne ya tura 'ya'yansa su je su nemo su, ya kuma hana su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ka lura, ya yi kuka kuma bai yanke ƙauna ba. Kenan hawayenka da gajiyarka ba alamar raunin imani ba ne.

DARASI NA 2: KA ƘIRGA, KA RUBUTA, KA ZAƁA

Me ya sa Amirul Muminina ya ce a ƙirga mutane? Domin damuwar da ba a ƙirga ba ta fi ƙarfin kowa. Idan abin da ke kanka shi ne "mutane suna cikin wahala", ba za ka yi barci ba. Idan kuwa ka zauna da littafi ka rubuta gida nawa ne, wane ne ya fi galabaita, buhu nawa ke cikin sito, kwana nawa zai kai ku, to matsalar ta zama abin da za a iya kamawa da hannu.

Har yadda ake dama abinci ya koya wa mata. An ruwaito cewa ya hana a zuba gari kafin ruwa ya yi zafi, ya ce a riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana juyawa, don ya fi auki kuma kada ya yi gudaji. Duk matar da ta taɓa yin talge ta san wannan. Shugaban daular da ta ci Farisa da Rum da yaƙi, ga shi tsugune a bakin tukunya yana lissafin yadda gari zai yi auki.

Sannan ya sassauta tsari. Bai tura masu karɓar zakka ba a wannan shekarar, sai da aka samu damina ya karɓi ta shekara biyu. Kai ma idan lokaci ya tsananta, babu laifi ku rage wasu ayyukan. Idan kuna ciyarwa, kuna biyan kuɗin makaranta, kuna ɗinkin sallah, kuna haƙa rijiya, kuma kuɗi ya ragu, ku zauna ku zaɓi biyun da suka fi zama dole ku kyautata su. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Faɗa wa mutum gaskiya cewa "ba mu da hali a yanzu" ya fi yi masa alkawarin da zai hana ka barci, shi kuma ya hana shi neman wata ƙofar.

DARASI NA 3: KADA KA ƊAUKI JINKA KAI KAƊAI

Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu mutum ɗaya ne. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne direba, lambarsa ce a jikin takarda, kuɗi ma asusunsa suke shiga. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, aiki ya kwanta. Irin wannan dole ya gaji, kuma dole a zarge shi.

Sayyidina Umar, duk ƙarfinsa, raba gari ya yi ya ba kowa yankinsa. A wurin Annabi (SAW) ya koya. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, da rundunar kusan mutum 10,000 ta nufo Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba, Annabi (SAW) ya karɓi shawarar Salmanul Farisi (RA) ta haƙa rami, sannan ya yanka wa kowane mutum goma kamu arba'in. Kowa ya san nasa, kowa yana ganin ƙarshen nasa.

Kuma a cikin ramin nan, ga yunwa har ana ɗaura dutse a ciki, ga sanyi, ga tsoro, da dutse ya gagari sahabbai, Annabi (SAW) ya sauka ya sare shi, yana yi musu bushara da buɗe Sham da Farisa da Yaman. Munafukai suka mayar da abin ba'a, amma duk sai da ya tabbata. Abin lura ga shugaba: mutanenka fuskarka suke karantawa. Ka faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki, kada ka ɓoye, amma kada ka tashi taro ba ka tuna musu wani alherin da Allah Ya gudanar ta hannunsu ba. Yaron da ya gama sakandare, matar da jarinta ya kama, marar lafiyar da ya tashi. Ku riƙa rubuta irin waɗannan kamar yadda kuke rubuta bashi.

Wani abin kuma: kada ku dogara da mai bayarwa ɗaya. Abu Ubaida da ya kawo raƙuma 4,000, a annobar Amwas da ta ɓarke a Sham cikin wannan zamanin ya rasu, shi da Mu'azu ɗan Jabal (RA). Mai taimako yana mutuwa, yana karyewa, yana sauya ra'ayi, ko attajiri ne ko ƙasar waje. Mutum ɗari masu ba da kaɗan duk wata sun fi Alhaji ɗaya mai ba da miliyan idan ya tuna.

DARASI NA 4: JIKINKA DA IYALINKA MA AMANA NE

Wani zai ce: "To Malam, ai ga Umar nan ya hana kansa har ya rame." Gaskiya ne. Amma ka duba da kyau. Daɗi ya bari, bai bar abinci ba. Ya ci irin abin da talakawansa ke ci don kada ya manta da su. Wannan daban, wanda ya yi wata shida bai yi barcin kirki ba, hawan jini ya kama shi, 'ya'yansa sun zama marayu alhali yana raye, shi ma daban.

Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i (RA), ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta saboda mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya karya azumin nafila, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya gaskata Salmanu. Haka ya sa aka kwance igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci don ta riƙa kamawa idan ta gaji da sallah, ya yi umarni mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Idan sallar dare ke nan, ina ga amsa waya?

Ka ware lokacin da wayar aiki take hannun wani. Ka ware yinin da na iyalinka ne. Aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma ba ya ɗorewa idan mai yin sa ya faɗi.

Sai batun da ake jin kunyar faɗa: abin da mai aikin zai ci. Da aka naɗa Sayyidina Abubakar (RA) halifa, ya ɗauki tufafinsa zai tafi kasuwa, sahabbai suka tsayar da shi suka yanka masa abin da zai riƙe gidansa daga baitulmali. Cikin kaso takwas na masu cin zakka da Suratut Tauba ta lissafa akwai masu aikin tattara ta. Sayyidina Umar da kansa ya umarci Abdullahi ɗan Sa'adi ya karɓi ladan aikinsa lokacin da ya so ya ƙi. Don haka idan mutum ya ba da lokacinsa gaba ɗaya, halal ne kwamiti ya yanka masa albashi sananne, a rubuce, da sanin masu bayarwa. Abin da yake haram shi ne ya yanka wa kansa a ɓoye. Yunwar da ake ɓoyewa da sunan ikhlasi, sau da yawa ita ke kai hannu cikin asusu.

Idan kuma gajiyar ta kai ga ba ka barci, ba ka son ganin mutane, kana fushi ba dalili, ƙirjinka yana bugawa, ka je asibiti. Neman magani sunna ne.

DARASI NA 5: ZARGI ZAI ZO, KA RUFE MASA ƘOFA

Bishiya mai 'ya'ya ita ake jifa. Bayan yaƙin Hunainu, Annabi (SAW) yana rabon ganima, wani ya ce ba a yi adalci a rabon ba. Annabin rahama fa! Fuskarsa ta sauya, sannan ya tuna cewa an cutar da Annabi Musa (AS) da abin da ya fi haka kuma ya yi haƙuri. Suratut Tauba ta ba mu labarin masu aibanta masu sadaka: wanda ya kawo da yawa su ce riya ce, wanda ya kawo kaɗan su yi masa dariya. To kai wane ne da za ka tsira?

Amma haƙuri ba ya hana rigakafi. Wata rana da dare Annabi (SAW) yana raka matarsa Nana Safiyya (RA), wasu Ansar biyu suka wuce da sauri, ya tsayar da su ya bayyana musu cewa matarsa ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Ya kuma yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya hana shi riƙe abin da ya kira kyauta. Saboda haka ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, ku ajiye rasit, ku karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda littafinsa yake a buɗe, zargi yana yi masa ciwo amma ba ya hana shi barci.

DARASI NA 6: INA KAKE ƊEBO RUWA?

Rijiyar da ake ɗiba ba ta da idon ruwa, ƙafewa za ta yi. An ruwaito cewa a shekarar toka Sayyidina Umar yakan yi isha'i da mutane, ya shiga gida ya yi ta sallah har ƙarshen dare, yana roƙon Allah kada Ya halaka al'ummar Annabi (SAW) a hannunsa, kuma yana yawaita kiran mutane zuwa istigfari. Da rana yana bayarwa, da dare yana karɓa.

Abin tsoro ne mai aikin agaji ya shagala da hidimar bayi har ya manta da Ubangijin bayin: jam'i ya wuce shi saboda taro, Alƙur'ani sai Ramadan, hoton rabon kaya kuwa kullum yana Facebook. Ka riƙe wani abu da babu wanda ya sani sai Allah, ko raka'a biyu ne kafin asuba, ko wani gida da kake kai wa abinci ba kyamara. Shi ne zai riƙe ka ranar da yabo ya ɗauke.

KO A ZAMANINMU AN YI

Kada wani ya ce ai wannan sai sahabbai. A Pakistan, Abdus Sattar Edhi ya fara da ɗan ɗakin shan magani a Karachi a 1951, ya yi ta yi har aikin ya zama motocin ɗaukar marasa lafiya da gidajen marayu a faɗin ƙasar. A 2014, yana tsoho mai shekara tamanin da wani abu, 'yan fashi suka shiga cibiyarsa suka kwashe dukiya. Bai rufe ba, yana kan aikin har ya rasu a 2016. A nan Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36. Rikicin Boko Haram ya zo, bai rufe ba, ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare suna zama aji ɗaya. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Dukkansu da kaɗan suka fara, suka daɗe a kai.

AMSAR DA NA BA SHI

Na ce masa: ɗan'uwa, sauka daga shugabanci ba zunubi ba ne idan ka miƙa amanar ga wanda zai riƙe ta. Abin da ba ya halatta shi ne ka watsar da ita a titi. Amma kada ka yanke hukunci a daren da ka gaji. Ka ɗauki hutun mako biyu, mataimakinka ya riƙe. In ka dawo ku zauna da kwamiti ku rage aiki, ku raba sauran, ku buɗe littafi. Ka yi istihara. Bayan wannan, in ka ga sauka ce alheri, ka sauka da mutuncinka ka koma mai taimakawa daga gefe. In ka ga za ka iya, ka ci gaba da sabon tsari.

Mu kuma sauran jama'a, akwai namu. Wanda ka san yana wannan aiki a unguwarku, yaushe rabon da ka kira shi ba don ka turo masa mabuƙaci ba, sai don ka tambayi lafiyarsa? Idan ba ka da kuɗi, kana da yini guda da za ka karɓe shi. Idan kana da shakka a kan amanarsa, ka same shi ka tambaya, kada ka hau intanet da abin da ba ka tabbatar ba. Kalma ɗaya tana iya rufe ƙofar da marayu ke ci ta cikinta, kuma za a tambaye ka.

Shekarar toka wata tara ta yi, ta wuce. Wannan ma zai wuce da izinin Allah.

Ya Allah Ka ƙarfafi masu tsayuwa kan lamarin marayu da miskinai. Ka tsarkake niyyarsu, Ka sanya albarka a lafiyarsu da iyalansu, Ka kare su daga cin amana da sharrin masu ƙage. Ka yaye mana tsadar rayuwa da rashin tsaro, Ka ba mu damina mai albarka. Amin.

Wanda ya san wani mai irin wannan aiki, ya tura masa. Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.